Kalangu da Goron Gayyata: Yadda Ake Cika Zaure Ranar Wasan Mawaƙa

Kusan duk zangon karatu sai an yi shi. Ƙungiyar ɗalibai, ko ta wani sashe, ko ta 'yan wata jiha, su haɗa kuɗi su ɗauko mawaƙi, a kama zaure, a yi hayar kayan sauti, a zuba wa janareto mai. Ranar wasa dije ya saki kiɗa tun la'asar, amma har bayan isha'i kujerun baya wayam, 'yan kwamiti na ta leƙen ƙofa kamar masu jiran baƙon da ya ce yana hanya. Washegari sai ka ji ana cewa ai ɗaliban makarantar nan ba su san nishaɗi ba.

Maganar gaskiya, ɗalibai sun san nishaɗi. Waɗannan ɗaliban ne fa suke cika gidan kallon ƙwallo har wasu su tsaya a taga. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, me ya hana su zuwa? Kuma tambayar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa taka rawa ba a rayuwarsa, domin kuɗin da ake narkarwa a irin wannan taro daga kuɗin ƙungiya ne da ni da kai muka biya lokacin rijista. In an faɗi, ko dai a bar wa shugabanni masu zuwa bashi, ko a zaftare kuɗin da ya kamata a gyara famfon hostal da shi. Shi ya sa na ga ya dace, kafin mu 'yan ajin ƙarshe mu tattara namu ya namu, mu bar wa ƙannenmu bayanin yadda tallar wasa take aiki.

Darasi daga mahauta da matan biki

Tun kafin a san fosta ko Facebook, Bahaushe yana da hanya biyu ta tara jama'a. Ta farko ita ce shela. Idan mahauta sun yi yanka, mai kalangu ya fara kaɗawa, duk wanda ya ji ya san nama ya samu a kasuwa. Haka mai shela yake zaga gari da saƙon sarki. Hanya ta biyu ita ce gayyata. Uwar biki ba ta dogara da cewa unguwa ta ji labari. Sai ta aika da goro ko alawa gida gida, da sunan mutum. Wadda ta karɓi goron gayyata ta san in ba ta je ba sai ta yi bayani. In kuma ta riga ta ɗinka anko, ai magana ta ƙare, ko ana ruwan sama sai ta je.

Kalangu yana sanar da mutum, goro kuma shi yake ɗaga shi daga kan katifa. Yawancin masu shirya wasa a makaranta kalangu kawai suke kaɗawa: a buga fosta, a watsa a guruf, a zauna jiran jama'a. Kowa ya ji, amma babu wanda aka gayyata. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ne kan yadda za a haɗa biyun.

Lissafi kafin fosta

Kafin a kira mai zanen fosta, ma'aji ya ɗauko biro. Mu ɗauki misali kawai. A ce kuɗin mawaƙi da masaukinsa, kayan sauti, man janareto, tsaro da buga tikiti sun tashi naira 1,200,000. Zauren yana ɗaukar mutum 1,000, tikiti kuma naira 1,500. Ke nan sai mutum 800 sun biya kafin a mayar da uwar kuɗi, wato kujera takwas cikin kowace goma. Wannan caca ce. Amma in aka samu masu ɗaukar nauyi suka ba da naira 300,000, abin ya sauko zuwa mutum 600.

Amfanin wannan lissafi shi ne ya mayar da buri ya zama aiki. "Muna so zaure ya cika" addu'a ce. "Muna neman mutum 600" kuwa abu ne da za a iya rabawa. In akwai aji 40 a makaranta, daga ND I zuwa HND II, kowane aji mutum 15 ake nema. Wakilin aji ba zai iya cika zaure ba, amma zai iya kawo mutum 15.

A nan kuma a yanke hukunci kan tikitin alfarma. Kowane ɗan kwamiti yana da abokai, da 'yan garinsu, da wadda yake so ya burge. In ba a ƙayyade adadi tun farko an rubuta ba, sai ka ga zaure ya cika maƙil, akwatin kuɗi kuma ba komai.

Ranar da aka zaɓa ita ce rabin talla

Akwai ranar da ko wane mawaƙi ka ɗauko ba za ka ga mutane ba. Ɗauko kalandar makaranta ka duba. Makon tes da sati biyu kafin jarrabawa, a manta da su. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke fama da furojet, kuɗinsu yana wajen mai fotokwafi. Lokacin da 'yan ND I suka tafi SIWES kuwa, kaso mai tsoka na masu zuwa wasa ba sa gari.

Sai aljihu. Yawancinmu daga gida ake turo mana, gida kuma yana jiran albashi. Daga tsakiyar wata zuwa ashirin da wani abu, ɗalibi garin kwaki yake lissafi. Wasan da ya faɗo a makon farko na wata ya fi wanda ya faɗo ranar 22 sa'a nesa ba kusa ba.

Sai ƙwallo. Wasannin Gasar Zakarun Turai galibi daren Talata da Laraba ake buga su, Firimiya kuma Asabar da Lahadi. Wanda ya sa wasansa a daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, shi ya jawo wa kansa. Jadawalin nan a fili yake, minti biyu ya isa a duba.

Sai ibada da yanayi. Ba a sa wasa cikin azumi. A tsara lokaci yadda ba zai ci magariba da isha'i ba, a kuma tuna da 'yan'uwanmu Kirista da suke da taron addu'a a wasu ranaku da yamma. In damina ce, filin da ba rufi haɗari ne. A ƙarshe, a san ƙarfe nawa ake rufe ƙofar hostal ɗin mata, da ƙarfe nawa 'yan adaidaita sahu suke daina bin hanyar makaranta. Wasan da zai tashi bayan wannan lokaci ya kori mata da 'yan jeka-ka-dawo tun kafin a buga tikiti.

Tambayoyin da ke zuciyar ɗalibi

Duk wanda ya ga fosta, abu biyar yake tambayar kansa: Da gaske mawaƙin zai zo? Yaushe kuma a ina? Nawa ne? Da wa zan je? Zan koma lafiya? Tallar da ta amsa waɗannan ta gama aikinta.

Fostocinmu da yawa hoton shugaban ƙungiya da na baƙi na musamman sun fi na mawaƙin girma, ranar wasa kuma sai an sa tabarau. Mai wucewa zuwa lakca ba zai tsaya ba, kallo ɗaya zai yi. Sunan mawaƙi, rana, wuri, lokaci, kuɗi, da lambar da za a kira. Shi ke nan. A gwada a kan waya mai ƙaramin gilashi, domin a nan mafi yawa za su gani. A rubuta da Hausa da Turanci, tunda makaranta ta kowa ce.

Tambaya ta farko ita ce mai wuya, saboda an sha yaudarar ɗalibai. An sha sa hoton babban mawaƙi, ranar wasa a ce "jirginsa ya makara", a turo yaronsa. Maganin wannan shi ne bidiyo gajere, daƙiƙa 20 zuwa 30, mawaƙin da bakinsa yana ambaton sunan makaranta da rana da wuri. Gani ya kori ji. A sa wannan cikin yarjejeniya tun ranar da za a ba shi kafin alƙalami, tare da sharaɗin zai ɗora a shafinsa. Kuma kada a buga sunan kowa a fosta sai an sa hannu an karɓi rasit.

Haka nan a faɗi gaskiya kan irin wasan. Akwai bambanci tsakanin mawaƙin da zai zo da makaɗansa ya rera da muryarsa, da wanda dije zai saka masa waƙa shi kuma ya bi da baki. Kowanne yana da masoyansa, amma kada a sayar da na biyu da sunan na farko. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɗalibin da aka cuta bana shi ne zai hana mutum goma zuwa baɗi.

Raba goro

Tambaya ta huɗu, "da wa zan je", ita ce masu shiri suka fi mantawa da ita. Da wuya ka ga ɗalibi ya je wasa shi kaɗai. 'Yan ɗaki ne suke tafiya tare, ko 'yan kwas, ko 'yan gari ɗaya. Don haka abin da ake nema shi ne gungu.

Hanya mafi sauƙi ita ce tikitin haɗaka: mutum biyar su biya kuɗin huɗu. Mutum ɗaya mai zumuɗi zai bi sauran huɗun har ɗaki, ya yi muku tallar da ba ku biya ba. Sai rangwamen masu saye da wuri, a ce makon farko naira 1,200, daga nan ya koma 1,500, a bakin ƙofa kuma 2,000. Tikitin da aka riga aka saya shi ne ankonmu. Wanda ya biya zai zo, kuma kwamiti zai san inda aka kwana tun da sauran lokacin gyara.

Wakilan aji su ne masu kai goro. A tara su, a yi musu bayani ido da ido, a ba kowa tikiti da lamba a jiki, wanda ya sayar da 15 a ba shi nasa kyauta. A nemi shugabannin ƙungiyoyin jihohi da na sassa. A hostal ɗin mata kuwa, mata ne za su yi wannan aiki. Ɗaliba ta fi yarda da 'yar'uwarta da za ta ce mata "an ware mana wurin zama, kuma tare za mu dawo" fiye da fosta ɗari.

Wata dabara da ba ta cin kuɗi ita ce a ba mawaƙan cikin makaranta dama su buɗe fage. Kowane sashe akwai mai waƙa, akwai mai barkwanci, akwai mai waƙar baka. A yi gasar tantancewa sati biyu kafin wasa, a zaɓi biyar ko shida daga sassa daban daban. Yaron da zai hau dandamali karon farko a gaban babban mawaƙi, wallahi ko kakarsa sai ya gayyata. 'Yan ajinsu kuma za su zo don kada a ce sashensu ba shi da jama'a.

A sauƙaƙa biya. A samu asusu ɗaya na ƙungiya da za a yi tiransifa, da POS a tebur ɗin sayar da tikiti kusa da kafteriya. Kada a yi amfani da asusun wani ɗan kwamiti, domin daga nan zargi yake farawa.

Kaɗa kalangu

Yanzu sai shela. A makaranta WhatsApp ne kasuwa, amma yana da ƙa'idojinsa. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ɗorawa sau ɗaya ba ta isa. Saƙon da ka tura ta jerin watsa saƙo, wanda ya adana lambarka ne kawai zai samu. Tura saƙo gaba kuma an taƙaita shi zuwa wuri biyar a lokaci guda. Ma'ana mutum ɗaya ba zai iya mamaye makaranta ba, sai an haɗa hannu. A samu mutum 50 daga sassa daban daban, a sa musu lokaci, a ce ƙarfe tara na dare kowa ya ɗora abu ɗaya. Ɗalibin da ya buɗe waya ya ga mutum shida da ya sani sun ɗora abu iri ɗaya, zai ji kamar shi kaɗai aka bari a baya.

Amma fa a kula, akwai iyaka. Wanda ya tura fosta ɗaya sau goma a guruf ɗin aji da aka buɗe don sanarwar lakca, tsana yake saya wa wasan. Kullum a zo da sabon abu: yau bidiyon mawaƙi, gobe waɗanda suka ci gasar buɗe fage, jibi hoton masu sayen tikiti a layi.

A TikTok da Instagram, mutane sun fi yaɗa abin da su kansu suke ciki. Kowa ya tuna 2020, lokacin kullen korona, yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zaga ko'ina saboda mutane sun riƙa ɗaukar kansu suna rawarta. Haka kuma kowa ya tuna ce-ce-ku-cen da abin ya jawo. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Za a iya sa gasar rera baitin mawaƙin da zai zo, wanda ya yi fice ya samu tikiti biyu, amma a tsara ta yadda ba za ta ba masu neman dalilin soke wasan makami ba.

Kada a raina rediyo. Makarantu da dama suna da tasharsu, kamar BUK FM ta Jami'ar Bayero da Spider FM ta Kaduna Polytechnic, kuma 'yan sashen aikin jarida kullum neman abin da za su sa a shiri suke yi. In ana son mutanen gari, hira ta minti goma a shirin nishaɗi na tashar FM ta fi tallar da za a karanta da sauri tsakanin labarai. Sai dai kafin a gayyaci gari, a tabbatar hukumar makaranta ta yarda baƙi su shigo.

Fosta ta takarda har yanzu tana da aiki, in an manna ta inda mutum yake tsayuwa: wajen mai shayi, layin fotokwafi, bakin famfo, tashar adaidaita. A nemi izini, a manna a allon sanarwa, kada a ɓata bangon aji. Masu shagunan nan kuma su ne masu ɗaukar nauyi na farko da ya kamata a nema. Mai shagon caji da mai gidan abinci ba za su ba da miliyan ba, amma za su iya biyan kuɗin buga fosta in sunansu zai fito a ƙasa.

Game da lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma tallar da aka fara wata biyu kafin wasa tana yin sanyi. Sati uku ya wadatar. Na farko a sanar a buɗe tikiti mai rangwame. Na biyu gasa da shiga aji aji, da izinin lakcara, minti biyu kacal. Na uku ƙidayar kwanaki, da zagaye da lasifika da yamma bayan an tashi daga lakca, nesa da masallaci da coci da laburare.

Izini da tsaro ma talla ne

Ba abin da yake kashe wasa kamar jita-jitar "an ce an soke". Kafin fosta ta fita, takardar amincewa daga ofishin kula da harkokin ɗalibai ta kasance a hannu, shugaban masu tsaron makaranta kuma ya sani. In a wajen makaranta za a yi, kowace jiha da tsarinta. A Kano misali akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, ga kuma Hisba. A tambaya tun da wuri.

A cikinmu akwai waɗanda ba su yarda da kiɗa ba sam, kuma haƙƙinsu ne. Ba a yi musu gatse a talla, ba a kai musu lasifika ƙofar ɗaki. Ziyarar girmamawa ga shugabannin ƙungiyoyin addini, a gaya musu lokaci da tsarin da aka yi, tana kashe wutar da ba a ma kunna ba tukuna.

Sai babbar magana. Talla tana iya yin nasara fiye da kima. Ranar 25 ga Nuwamba 2023, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Cochin da ke jihar Kerala a Indiya, jama'a sun taru a ƙofar wurin da za a yi wasan waƙa na bikin ɗalibai. Ruwan sama ya sauko, na waje suka danno ciki gaba ɗaya, aka tattake mutane a kan matakala. Mutum huɗu suka rasu, da dama suka jikkata, mawaƙiyar ma ba ta fara ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada a sayar da tikiti ko ɗaya sama da abin da zaure zai ɗauka. A buɗe ƙofa da wuri, a raba ƙofar shiga ta maza da ta mata, a bar ƙofofin fita a buɗe ba kwaɗo. A nemi 'yan Man O' War da 'yan Red Cross, a sanar da asibitin makaranta. In tikiti ya ƙare, a shelanta ya ƙare da ƙarfin da aka shelanta wasan, don kada mutane su taru a waje.

Waɗannan tanade-tanade kuma a faɗe su cikin talla. "Za a tashi ƙarfe goma, akwai wurin zaman mata, akwai motar da za ta kai 'yan cikin gari bakin titi." Wannan layi ɗaya yana amsa tambaya ta biyar, kuma shi ne abin da ɗaliba za ta karanta wa yayanta a waya kafin ya ce ta je.

Bayan an tashi

Wasan bana shi ne fostar wasan baɗi. In an ce ƙarfe bakwai, a fara ƙarfe bakwai ko da rabin zaure ne, kuma a rage jawaban manyan baƙi. Ba wanda ya biya naira 1,500 don ya ji tarihin shugaban kwamiti. A sa 'yan sashen aikin jarida su ɗauki hoto da bidiyo mai kyau, a saki washegari tun abin yana da zafi, a gode wa wakilan aji da masu ɗaukar nauyi da sunan shagunansu.

Cikin mako guda kuma ma'aji ya manna lissafi a allon sanarwa: tikiti nawa aka sayar, nawa aka kashe, nawa ya rage. A rubuta wane aji ne ya fi saye, wace hanya ce ta fi kawo mutane, a sa a fayil a miƙa wa shugabanni masu zuwa, don kada kowace shekara a riƙa farawa daga sifili.

Ku da za ku karɓi ragamar ƙungiya baɗi, kuɗin 'yan'uwanku ne za a damƙa muku. Ku kaɗa kalangu yadda ya kamata, amma ku tabbata goro ya isa kowane aji da kowane ɗaki. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu fita da sakamako mai kyau.